Gaisuwa a Wuyan Dutse

Gajere ya durƙusa a gindin dutsen yana fama da igiyar kambas, yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa don ɗari. Takalmin ba nasa ba ne, na wani ɗan'uwan abokinsa Falalu ne da ya yi soja, kuma ya yi masa yawa har sai da matarsa Marka ta cusa auduga a bakin yatsun kafin ya zauna a ƙafa.

"Ɗaure shi da kyau," in ji Lado, yana tsalle-tsalle a wuri ɗaya, hannuwa a hammata. "Kada takalmin ga ya riga ka isa bisa, a ba shi kati kai a bar ka."

"Ka bar shi ya ji da abin da ad dame shi," in ji Falalu.

"Ni ina damuwata? Ni dai na ce in ya gaji ya shiga cikin takalmin ya kwanta, akwai wuri."

Gajere ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. Shekara talatin da wani abu yana shan bakin Lado, ɗan gidan mahauta da harshensa ya fi wuƙarsa kaifi, ba yau zai fara jin zafi ba. Su uku tare aka yi musu kaciya a Morai, tare suka yi farautar rani. A wancan zamanin har kirari ake yi wa Gajere don gudu, don ya taɓa bin zomo da ƙafa ya kama shi da rai, kowa na gani. Amma wannan zance ne na da. Yanzu ya ba arba'in baya, gwiwarsa ta hagu kan yi ƙara in ya miƙe daga sujada, kuma kwana biyar da suka yi suna gwajin gudu bayan sallar asuba ba su ƙara masa komai ba sai ciwon ƙugu.

Wai gudu! Magidanta da furfura a gemu, a tara su da sassafe a ce su yi tsere kamar awaki. To amma ya za a yi? Damina biyu ke nan ba a yi shuka a gonakin Morai ba. Tun da aikin dam ya iso, katafila ta bi gonakin ta baje su, ta tuge ɗorawa da kuka, ta share iyakokin da kakanni suka kafa, aka ce kowa ya dakata har a gama yanka magudanai, sannan a mayar wa kowa da tasa. Ana ta dakatawa har rumbuna suka koma gidan ɓera. Lado ma da ba noma ya dogara da shi ba, cinikin ya koma hannun manyan mahautan Talata Mafara da ke kai nama barikin ma'aikata, shi kuwa a ƙauye wa zai ci nama bai ci tuwo ba?

Ana nan sai wani ɗan kwangila mai fasa dutse ya ce yana neman lebura ashirin. Ranar farko mutum ya fi ɗari uku a bakin ofishinsa, aka yi ta turereniya har aka karya wa wani hannu. Shi ne helmansa, shugaban leburorinsa, wani mai suna Tukur, ya kawo dabara: a taru a gindin Dutsen Kurege ranar Asabar, a busa usur, mutum ashirin da suka fara isa sama su ne ma'aikata. Ba ɗan wane, ba na san wane. Ga shi can tun ɗazu a ƙwanƙolin dutsen cikin jibgegiyar rigar sanyi, ya kafa jan ƙyalle a sanda, katin aiki guda ashirin na aljihunsa.

Gajere ya ɗaga kai ya dubi ƙyallen. Ba yunwa ce a ransa ba, ko da yake kunun da ya kurɓa bai fi ludayi uku ba. Maganar surukinsa ce ta dawo masa.

Malam Maiwada, mahaifin Marka, yana zaune a tungarsa a bayan wannan dutsen, inda aikin dam bai kai ba. Tun damina ta farko da ba a yi shuka ba, duk wata sai jakinsa ya shigo gidan Gajere da mangala cike da gero. Bai taɓa aiko da magana tare da hatsin ba, ko ta kirki ko ta tsiya. Sai a watan jiya ne Inna, uwar Marka, ta zo da saƙo, tana faɗa tana kallon ƙasa: Malam ya ce in ɗari ya wuce ba a samu wani abu ba, a kawo yarinyar da ɗiyanta biyar su zauna tunga, shi kuma mai gidan ya tafi cin rani Kurmi ya nemo. Ba gori a ciki, ba faɗa. Da ma faɗan aka yi masa da ya fi sauƙi. Shekara goma sha tara da aure, a ɗora wa matarka kaya a jaki a mayar da ita gidan ubanta ba saki ba yaji, don kawai ka kasa ci da ita, ka ja ƙyaure ka rufe gidan da aka haife ka a ciki. Wannan abin shi ke hana Gajere haɗiye tuwon geron nan da daɗi.

"Ku ji nan," in ji Falalu, ya jawo su kusa, tururi na fita daga bakinsa. "Kada wanda ya biye wa samarin ga a hwarko. Ku bar su su ƙone. A tsakuwa mu tai a hankali, in mun kai wuyan dutsi sannan kowa ya nuna abin da uwatai ta ba shi."

"Kuma ba jiran kowa," in ji Lado, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Wanda ya hwaɗi ya hwaɗi. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu."

"Ba jira," in ji Gajere.

Direban tifar ɗan kwangila ya hau bayan motarsa, ya sa usur a baki. Mutum wajen ɗari da hamsin suka yi tsit, wasu sun tuɓe riga duk da ɗarin, wasu sun ɗaure bante a kan wando, wani dattijo daga wajen Bakura yana ta tofa addu'a a tafin hannu yana shafa wa gwiwoyi. Usur ya tashi.

Wayyo, farkon nan ba kyan gani. Aka yi cikin tsakuwa kamar an koro garke, gwiwar hannu a haƙarƙari, ƙafa a kan ƙafa. Tun ba a je ko'ina ba mutum uku suka kife, aka bi ta kansu. Iska mai sanyi ta shiga ƙirjin Gajere tana yanka, hawaye na zubo masa ba kuka yake ba. Ya kafa ido a bayan rigar Falalu ya bi ta, taki ɗaya bayan ɗaya, kambas na faɗin fal-fal a dugadugansa.

Maganar Falalu ta fito. Kafin a kai rabin hawan samarin da suka fita da wuta sun fara dafe gwiwa. Wani ya koma gefe yana amai. Dattijon Bakura ya zauna a kan dutse ya riƙe kai, ya gama nasa. Gajere kuwa sai ya ji wani abu da ya manta da shi yana farkawa a cinyoyinsa, numfashinsa ya daidaita da takunsa, gwiwar hagu ta yi shiru. Ya wuce mutum biyu. Ya wuce huɗu a haɗe. Ya wuce Falalu, ya ji yana cewa cikin haki, "Tai, zomo, tai!" Ya wuce Lado, wanda ko bakin tsokana bai samu ba. Da hanya ta miƙe ya ɗaga kai ya ƙirga kawunan da ke gabansa. Goma sha ɗaya. Ya sake ƙirgawa don kada ido ya yaudare shi. Goma sha ɗaya ne, shi ne na sha biyu, kuma na gabansa ma yana tangaɗi.

Farin ciki ya kama shi har ya ji tsoro. Ya ga Marka tana tankaɗe garin da shi ya auno. Ya ga jakin tunga ya zo ya koma da kayansa, da saƙon godiya.

Wuyan dutse shi ne inda hanya ke matsewa tsakanin manyan duwatsu biyu, mutum biyu ba sa jerawa sai da kafaɗa, kuma a nan ne 'yar turbar da ke hawowa daga tungayen baya take haɗuwa da ita. Daga nan zuwa ƙyalle bai fi jifa uku ba. Gajere ya shawo kwanar, sai ya ga mutum zaune a kan wani faffaɗan dutse a bakin turbar, ya lulluɓa da tsohon gwado, sanda a tsakanin ƙafafu, ya karkata kai yana sauraren masu wucewa.

Ko a cikin mutum dubu zai gane wannan gwadon. Malam Maiwada ne.

Hakiya ta rufe idon tsohon shekara uku ke nan, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Mutum goma sha ɗaya sun wuce shi ba wanda ya ce masa ci kanka. In na sha biyu ya wuce, inuwa ce ta wuce. Gajere ya san haka sarai. Ya ma sunkuyar da kai, ya riƙe numfashi, ya yi taki ɗaya, ya yi na biyu, har ya zo daidai da sandar. Shekara goma sha tara bai taɓa tsayawa a tsaye a gaban mutumin nan ba. Bai taɓa taka ƙofar zaurensa da takalmi ba. In ya hango shi a kasuwa, tun daga nesa yake zubewa. Ga gero kuma, geron da ke cikinsa a wannan lokacin yana ba shi ƙarfin gudun. Ya wuce shi a guje kamar ya ga kututture? Taki na uku ya ƙi takuwa.

Ya taka dugadugin kambas ya zare ƙafa, audugar ta zubo. Ya zare ɗayar. Ya raɓa gefe ya durƙusa a kan dutse mai sanyi, ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka.

"Salamu alaikum, Baba."

Fuskar tsohon ta washe. "Wa alaikumus salam. A'a, uban Taiba na? Madalla, madalla. An kwan lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Ƙafafu suka wuce ta bayansa, tsakuwa ta fallatso masa a wuya. Sha biyu. Sha uku.

"Ina ɗari?"

"Lokacinai na, Baba."

"Haka na, haka na. Bana kam ya yi ƙarhi. Ina iyali?"

"Suna lahiya."

"Ina ƙananan? An ce mini autan ya yi tari."

"Ya samu sauƙi, Baba."

"To madalla. Allah shi ƙara sauƙi."

"Amin."

Sha huɗu. Wannan hakin na Lado ne, ya san shi. Lado ya jefo "Sannu Baba!" a guje bai ko waiwaya ba, shi ai ba 'yar kowa yake aure a tunga ba. Sha biyar, sha shida, a manne da juna. Gajere ya kafa ido a kan yatsun ƙafar tsohon, da suka yi fari fat da faso, ba takalmi. A haka ya hawo dutsen nan, makaho, cikin wannan ɗari.

Ƙa'ida ce, babba ke tambaya, babba ke rufewa. Ƙarami ba ya katse gaisuwa, kuma in an gama tambayarsa shi ma sai ya mayar.

"Ina mutanen gida, Baba? Ina Inna?"

"Lahiya lau, tana gaishe ku."

"Muna amsawa. Ina ƙarhin jiki?"

"To, jiki ya yi tsuhwa, sai godiya."

Sha bakwai. Sai wata inuwa ta tsaya a kansa, hannu ya damƙi wuyan rigarsa. Falalu ne, fuskarsa ta yi jiƙe-jiƙe, yana magana da ido da leɓe ba sauti: tashi, tashi, don Allah tashi. Gajere ya girgiza kai kaɗan. Falalu ya dubi tsohon, ya dubi hanya, ya ga wasu biyu na tahowa, ya saki rigar ya wuce. Sha takwas.

"Ina labarin gonakin?" in ji Malam Maiwada.

"Sai alheri, Baba. Ana dai jira."

"Allah shi kawo ƙarshen jira."

"Amin."

Sha tara. Ashirin. Daga nan Gajere ya bar ƙirga. Ƙafafu suka ci gaba da wucewa, amma yanzu ba gudu suke ba, jan jiki suke.

Tsohon ya sa hannu cikin gwado yana lalube, ya fito da 'yar kwalba da aka toshe bakinta da totuwa. "Yarinyar ta aiko mini da labarin tseren ku. Shi na na tai wurin liman ya yi maka rubutu, kwana ukku shina yi. Na ce ban ba kowa shi ba, ni zan kawo da hannuna. An ce a dutsi za ku taru, na ɗauka bisa na, shi na nib biyo ta baya tun da assalatu. Ƙahwa ta gaza ni a nan." Ya miƙo kwalbar da hannu biyu. "Sha da bisimilla. In Allah ya so ba mai wuce ka."

Gajere ya karɓa da hannu biyu. Ya cire totuwar, ya juya gefe don ba a shan abu a gaban suruki, ya shanye. Ruwan ya yi sanyi har haƙoransa suka amsa.

"Na gode, Baba. Allah shi saka da alheri."

"Tashi, tashi, kada in tsai da kai. Ina nan ina jiran ka."

Ya tashi. Ya kwashi takalmin a hannu, don ba a sa shi a nan, ya ja da baya taki biyu sannan ya juya. Ba wani dalilin gudu kuma, amma tsohon na saurare, sai ya gudu. Ya gudu jifa ukun nan da ƙafa ba takalmi, duwatsu na yanka shi, ya wuce mutum biyar da ba sa ko ɗaga kai.

A sama Tukur helma ya riga ya naɗe ƙyallensa. Masu kati sun zube a ƙasa suna haki, ana rubuta sunayensu. Daga nan ana hango komai: bangon dam ya miƙe fari a can wajen Maradun, ruwa ya taru a bayansa yana ƙyalli, ga kuma filin da a da gonakin Morai ne, a baje, ja wur, ko tsiro babu. Gajere ya tsaya yana neman inda ɗorawarsa take a da, bai gane wurin ba.

Falalu ya taso da katinsa ya tari helma. "Ranka ya daɗe, mutumin ga shi ad da na sha biyu. Kowa ya gani. Surukinai ya tarar a hanya."

"Suruki?" Tukur ya dubi Gajere, ya dubi takalmin da ke hannunsa. Bai yi dariya ba. "Na hango shi daga nan. Ko ni na, da na durƙusa. Amma in na ba shi, wa zan karɓe wa? Kai?"

Falalu ya dubi katin. Shi ma bakuna takwas ne a gidansa. Gajere ya dafa hannunsa ya tura katin cikin aljihun rigarsa.

"Ba jira munka ce," in ji shi.

Lado na zaune a gefe, kati a tsakanin yatsu. Gajere ya jira tsokanar, har ma yana son ta zo, ko yaya take. Lado ya dube shi, ya kau da kai, ya shiga tsintar ƙaya a ƙafar wandonsa.

Rana ta fito sosai lokacin da ya sauko wuyan dutse. Tsohon na nan inda ya bar shi. Gajere ya durƙusa, ya ce zai raka shi gida. Malam Maiwada ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗarsa, suka kama turbar baya, Gajere na gaba a rankwafe, takalmi a hammata.

"An dace?" in ji tsohon.

"An kai bisa lahiya, Baba."

Suka yi tafiya. Sandar na ƙwanƙwasa duwatsu. Can ƙasa wani jaki ya yi kuka a tunga.

"Na ji ƙahwahu da yawa," in ji Malam Maiwada a hankali, "lokacin da muke gaisawa."

"Yara na, Baba."

"Wane wuri anka hwara gudun?"

Ba a ƙin amsa wa babba. "Daga gindi, Baba."

Hannun da ke kafaɗarsa ya yi nauyi. Tsohon ya tsaya cik. Me zai ce? Suruki ba ya ba surukinsa haƙuri, kamar yadda suruki ba ya wuce surukinsa a tsaye. Suka tsaya a nan su biyu, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani, tausayin juna ya hana su faɗa.

"Sa takalminka," in ji tsohon daga baya. "Dutsin ga da sanyi. Ni na ce ka sa."

"A'a, Baba. Hakan ma ya yi."

Suka ci gaba da sauka. Sai da suka kai ƙasa, rumbunan tunga suka bayyana a bayan dannin kara, sannan Gajere ya gyara murya.

"Baba, ranar Talata in an ci kasuwa, a aiko da jakin. Kada a ɗora mishi komi. Kayan iyali za ya ɗauko."

Tsohon ya miƙa hannu. Ya laluba ya karɓi kwalbar da ba komai a ciki daga hannun Gajere, ya mayar da ita cikin gwado.